Wane suna za a raɗa wa masu hawan Dala?

Jama'a, ku yi min haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda ba shi da lokaci ya wuce abinsa. Wanda kuma ya zo da niyyar zagi, ina roƙon arziki ya karanta har ƙarshe tukuna.

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani yaro da ke kirana Kawu ya same ni a ƙofar gida. Ba jinina ba ne, kuma na sauya wasu abubuwa a labarin nan da gangan, don haka kada wani ya wahalar da kansa wajen lalube. Ya gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma yana ta juya waya a hannu. Da na ga shirun ya yi yawa na ce, "Kai, lafiya dai ko?" Ya ce, "Kawu, suna muke nema." Na ce, "To, wa ya haihu ban sani ba?" Ya yi dariya, irin wadda iyakarta leɓe.

Ga yadda abin yake. Tun bayan kullen korona na 2020, shi da wasu abokansa suke haɗuwa duk Asabar bayan asuba, su taka da ƙafa daga wajejen Ƙofar Mazugal zuwa gindin Dala, su hau, su zauna a sama har rana ta fito, su sauko. Wani lokaci su zarce har Goron Dutse. Su goma sha biyu ne. Akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai ɗalibai, akwai mai sayar da abinci. Abin da ya haɗa su, ban da tafiyar, shi ne kusan dukkansu irin yaran nan ne da tun suna firamare ake kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu, ana ce musu 'yan daudu. Ba a sa su a ƙwallo, in sun zo majalisa a yi shiru ko a fara habaici. Sai suka samo wa kansu dutse.

Suna da guruf a WhatsApp, kuma da suka buɗe shi sun sa masa wani suna na raha, irin wanda ƙawayen amarya za su sa wa nasu. Rannan yayan ɗaya daga cikinsu ya ɗauki wayarsa, ya ga sunan. Bai tsaya karanta abin da ke ciki ba, wanda bai wuce hotunan fitowar rana da "wa zai taho da ruwa gobe" ba. Ya yi wa yaron dukan da sai da aka kai shi kemis, aka ƙwace wayar, yanzu haka an tura shi ƙauye wajen dangin uba. Saboda suna kawai.

Shi ne guruf ɗin ya rabu biyu. Wani tsohon ɗan tafiyar, wanda yanzu yake karatu a Ingila, ya ce ɓoye-ɓoyen ya isa haka, a sa suna na gaskiya da haruffan Turancin nan, a yi tambari mai launin bakan gizo, a buɗe shafi a Instagram, wai a can haka ƙungiyoyin masu hawan duwatsu irinsu suke yi har su samu tallafi. Wasu kuma suka ce a goge guruf ɗin gaba ɗaya, kowa ya kama gabansa. Yaron ya ce, "Kawu, kai ne mai karance-karancen tarihi. Me za mu yi?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya ba ni kwana biyu. Abin da na yi ta tunani a kwanakin shi ne nake so na baje muku, don na lura duk lokacin da maganar nan ta taso a dandalin nan, ana yin ta ne kamar jiya-jiya aka sauke ta daga jirgi a filin Malam Aminu Kano.

Mu fara da dutsen da suke hawa, don shi kansa ya ga sauyin suna iri-iri.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, kuma akwai shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Dala sunan mutum ne kafin ya zama sunan dutse. Daga zuriyarsa aka samu Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura, wanda yake zaune a kan dutsen, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Jama'a su taru a gindin dutsen da dabbobin yanka, shi kaɗai yake shiga shingen da aka kewaye bishiyar tsafin da shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, malamin da ya rubuta tarihin ya kira waɗannan kwanaki biyu da sunan Idi. Idi kuwa, a zamanin da Musulunci bai iso ba! Ka ga shi ma marubucin sai da ya ara wa abin sunan da mutanen zamaninsa za su gane.

Daga nan Bagauda ya zo a 999 bisa lissafin littafin, Wangarawa suka zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, a zamanin Muhammadu Rumfa kuma, 1463 zuwa 1499, aka sare bishiyar tsafi aka gina masallaci a wurin. Tsumburbura ta tafi. Amma taruwa a Dala bai tafi ba. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da muke kira ranar suna, yadda yara da manya suke cika dutsen har ba masaka tsinke. A da mutum ɗaya ne a sama jama'a na ƙasa, yanzu jama'a ce ke hawa da sabbin kaya suna yabon Annabi (SAW). Dutsen dai shi ne, niyya da suna ne suka sauya. Ni kaina a Takutaha na fara hawa Dala, ina riƙe da gefen zanen yayata, ina kuka saboda turmutsutsu.

To, su kuma mutanen da ake ce wa 'yan daudu fa, daga ina sunansu?

Ba Bature ne ya raɗa shi ba, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Daudu kalma ce ta gidan sarauta, kirari ne da ake yi wa Galadima, kuma masu bincike sun danganta sunan da Ɗan Galadima na bori, iskan nan ɗan sarki mai son ado, mai caca, mai ɓarnar dukiya. Fremont Besmer, wanda ya zauna da 'yan borin Kano ya fitar da littafinsa a 1983, ya same su a wuraren wasan bori suna rawa suna liƙi. Wato sunan ya fito ne daga tsohon gidanmu, gidan da jihadin Shehu Usmanu ya yi yaƙi da shi amma bai share shi ƙaƙaf ba. Sunan ba yabo ba ne, kar wani ya ce na ce. Babu uban da ya taɓa yin murna don an kira ɗansa da shi. Amma suna ne da ke nuna mutum yana da gurbi a cikin gari, ko da gurbin na gefe ne, kamar yadda ɗan kama da ɗan tauri da maroƙi suke da nasu.

Gurbin nasu kuwa sana'a ce. Girki da sayar da abinci a tasha da kasuwa, suyar kaji, aikin biki, da kuma, a faɗi gaskiya, kawalci a gidajen magajiya, musamman a Sabon Gari. Ina yaro a shekarun 1980 akwai wani a kusa da unguwarmu, dattijo ne ma a lokacin, yana ɗaura zani a kan riga idan yana bakin murhu. Duk bikin da aka yi a gidanmu shi ake kira ya yi funkaso da miyar taushe, don mahaifiyata ta ce ba macen da ta kai shi iya kwaɓi. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, malami ne mai tsauri, ba ya sakar masa fuska, amma ban taɓa ganin ya ƙi amsa sallamarsa ba. Mu yara mukan bi shi da tsokana, ya juyo ya watsa mana baƙar maganar da sai mun girma muka gane ma'anarta. Yana da mata, yana da 'ya'ya, ya je Makka. Da ya rasu an yi masa wanka, an sallace shi a ƙofar gidansa, mahaifina yana sahun gaba. Ban ji wanda ya ce a bincika wace ƙasa ce take ɗaukar nauyinsa ba.

Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna a Kano a farkon shekarun 1990, ya koyi Hausa, ya yi hira da su, ya fitar da littafi a 2009 mai suna Allah Made Us. Abu biyu na ɗauka daga littafin. Na farko, daudanci daban, abin da ake zarginsu da shi a ɗaki daban. Akwai ɗan daudun da iyakarsa magana da girki da karairaya, akwai kuma mai gemu da babbar riga da ba wanda zai taɓa zarginsa, alhali shi ne ma'abocin abin. Na biyu, su kansu suna da sunan da suke kiran junansu da shi a asirce, "masu harka", da wani zaurance nasu. Ku duba sunan da kyau. Harka. Kalmar da ɗan kasuwar Kurmi yake faɗa sau hamsin a wuni. Mutanen da suka zaɓi wannan kalma sun san garin da suke ciki, sun san sunan da ya fi tsaro shi ne wanda za a faɗa a tsakiyar kasuwa ba wanda ya waiga.

Sai hukuma ta zo da nata sunan. Dokar Finalkod ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, an ɗauko ta ne daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga wadda Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860. Sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 kan saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a. Sashe na 405 kuma, wajen lissafa waɗanda doka ta ɗauka gantalallu marasa aikin yi, ya sa har da namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a. Wato mutumin da yake tashi tun asuba ya hura wuta, ya ciyar da rabin tasha, a takarda sunansa ɗan zaman kashe wando. Ba ina cewa Turawa ne suka koya mana ƙyamar luwaɗi ba, littattafan fiƙihunmu sun riga su da ɗaruruwan shekaru. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya fara mayar da ɗaurin zani laifin da ɗan sanda zai rubuta a takardar tuhuma, da harshen Ingilishi ya rubuta.

Duk da haka an ci gaba da zama. Dokar tana cikin littafi, mutane suna cikin kasuwa. Babban sauyi ya zo ne da 2000. Zamfara ta fara, Kano ta ƙaddamar da shari'a a watan Yunin shekarar, zamanin mulkin Kwankwaso na farko. Aka rufe gidajen magajiya da dama, wasan bori ya koma bayan gari, 'yan daudu da yawa suka ajiye zani, wasu suka bar garin zuwa Abuja da wasu wuraren. Abin mamaki, a daidai wannan lokacin ne, a 2002, marigayi Rabilu Musa ya fito a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, muka saya muka kalla a gidajenmu da iyalanmu muna ta ƙyaƙyata dariya. Mun kore su daga titi mun shigo da hotonsu falo. A 2003 gwamnatin Malam Shekarau ta kafa Hukumar Hisbah da doka, a 2004 aka ƙaddamar da A Daidaita Sahu. Wannan ma wani darasi ne kan suna: shirin gyaran tarbiyya ne, amma yau ka tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar mene ne A Daidaita Sahu, babur mai ƙafa uku zai nuna maka. Kano ba ta barin suna a inda mai shi ya ajiye shi.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa da sauri. A watan Agustan 2007 aka kama maza 18 a wani otal a Bauchi, aka ce bikin auren jinsi suke, daga baya tuhumar ta koma ta shigar mata da gantali. Ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi. A watan nan ne jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. A Janairun 2015 Hisbah ta kama mutum 12 a wajen Kano, a Disambar 2022 ta kama 19 a wani ɗakin taro, duka bisa zargin bikin auren jinsi. A 2024 Hukumar Tace Finafinai ta hana fitar da finafinan da ke nuna daudanci da daba, wato ko Ibro da yana raye, fim ɗinsa na 2002 ba zai wuce ba. A Yulin shekarar kuma aka yi ta cece-kuce kan yarjejeniyar Samoa, bayan wata babbar jarida ta ce akwai sharaɗin auren jinsi a ciki, labarin da daga baya jaridar ta nemi afuwa a kansa. Amma kafin afuwar ta iso, huɗubobi sun riga sun wuce.

Dokar 2014 ɗin nan ita ce ta shafi yaran nan kai tsaye, kuma na lura yawancin masu ambatonta ba su karanta ta ba. Kowa ya san shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ta haramta rajistar kulob ko ƙungiya ta masu neman jinsi, da gudanar da ita, da taronta, da jerin gwanonta, ta kuma tanadi shekara 10 ga wanda ya yi rajista, ko ya gudanar, ko ya shiga, har da wanda ya tallafa. Ba sai an kama ka kana aikata komai ba. Mutum goma sha biyu su jeru su hau Dala, motsa jiki ne. Mutum goma sha biyun nan su hau Dala a ƙarƙashin suna mai haruffa huɗu da tutar bakan gizo, mai gabatar da ƙara ya samu ƙungiya, ya samu taro, ya samu jerin gwano. Sunan shi ne shaidar. Wannan kuma idan an yi sa'a an kai ga kotu ke nan, ba a gamu da masu gora a lungu ba.

Kun ga inda aka kwana. A cikin shekara sittin da 'yan kai, mutumin da yake ɗan daudun unguwarmu ya zama gantalalle a takardar gwamnati, ya zama abin dariya a kaset, yanzu ya zama "ɗan LGBT", wato wakilin wata ƙasa da aka turo ya rusa mu. Sunan farko na raini ne amma na gida ne, mai shi yana da uwa da uba da unguwa. Sunan ƙarshe ya cire shi daga garin ɗungurungum. Wanda ka ɗauka baƙo ne ɗan leƙen asiri, ba ka jin nauyin dukansa.

Shi ya sa shawarar ɗan Ingila ta tsaya min a rai, har na je na duba tarihin su waɗanda yake so a kwaikwaya. Abin da na gani ya saɓa da yadda yake ba da labari. Ƙungiya mafi daɗewa irin wannan da har yanzu take raye tana ƙasar Holan, an kafa ta a Amsterdam a 1946, kuma da wane suna? Kulob ɗin Shakespeare, kamar masu karatun wasan kwaikwayo. A 1949 suka sauya zuwa wani sunan da ma'anarsa ita ce cibiyar al'adu da shaƙatawa, wanda ake taƙaitawa COC. A Amurka, matan da suka kafa Daughters of Bilitis a San Faransisko a 1955 sun zaɓi sunan ne daga wani tsohon littafin waƙoƙin Faransanci, don in an tambaya su ce ƙungiyar masu son waƙa ce. Su ma "harka" suka ce, da nasu yaren. Ƙungiyar masu yawon daji da hawan duwatsu ta Ingila mai suna Gay Outdoor Club ba ta fito da wannan suna ba sai 1974, shekara bakwai bayan dokar 1967 ta daina hukunta abin tsakanin manya a Ingila da Wales. Doka ce ta fara sauyawa, suna ya biyo baya. Kalmar "queer" ma da yake ta nanatawa, zagi ce a Turanci, sai wajen 1990 wasu matasa a New York suka ɗauke ta suka mayar da ita tasu. A yankin San Faransisko kuwa, reshen masu yawon daji na Sierra Club da ake kira Gay and Lesbian Sierrans ya koma Rainbow Sierrans, don masu ganin tsohon sunan bai haɗa da su ba su samu shiga. Can, in an zauna sauya suna, ana maganar faɗaɗa ƙofa ne. Nan kuwa maganar ita ce kada a gane akwai ƙofar.

Na san yaron nan na Ingila da kyakkyawar niyya ya yi magana, kuma na san zafin da ke cinsa. Amma wanda ke kan tudu ba ya koya wa na cikin ruwa iyo. In abu ya ɓaci, shi zai rubuta dogon bayani da Turanci ya samu masu tausaya masa, tela kuma shagonsa za a ƙona.

Sai dai su ma masu cewa a goge komai ban bi bayansu ba, kuma a nan ne na san wasunku za su fara haɗa min ruwan zafi. Ni Musulmi ne, ɗan malamai, na san abin da littafi ya ce kan luwaɗi, ban zo halatta abin da Allah Ya haramta ba, ba ni da wannan matsayin. Amma littafin nan dai shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane, a cikin Suratul Hujurati. Shi ne ya gindaya shaidu huɗu a mazhabarmu ta Malikiyya, ya kuma tanadi bulala tamanin ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba. Lanƙwasar murya ba shaida ba ce. Sunan guruf ba shaida ba ne. Ban san abin da kowane ɗayan yaran nan yake yi a ɓoye ba, kamar yadda ban san naka ba, kai mai karatu, kuma ba a ɗora min sanin ba. Abin da na sani shi ne suna tashi su yi asuba, su taka ƙafa, su hau dutse. A wace mazhaba wannan ya zama laifi?

Kuma akwai abin da yaron ya faɗa min da ya hana ni barci. Ya ce a cikinsu akwai wanda kafin ya fara zuwa Dala ya yi wata huɗu bai fita daga ɗaki ba sai bayan gida, har mahaifiyarsa ta fara ɓoye maganin ɓera da fiya-fiya. Asabar ɗin nan ita ce ranar da yake magana da mutane ba tare da ya auna muryarsa ba. Ka goge guruf, ka mayar da shi ɗakin. Mu da muke cika baki da cewa mu al'umma ce mai riƙon zumunci, mun tanadar masa wani wurin ne? Majalisar unguwa ta kore shi, filin ƙwallo ya kore shi, a makarantar dare ma yara dariya suke masa in ya ɗaga murya yana karatu. Dattijon nan mai funkaso na zamaninmu, duk da rainin da ya sha, yana da murhunsa, yana da gidajen da ake nemansa. Jikokinsa na yau ba mu bar musu ko wannan ba, sannan muna mamaki in sun juya suna sauraren wanda yake musu magana mai daɗi daga Landan.

Da ya dawo bayan kwana biyu, na ce masa, "Ɗana, kada ku sa haruffan nan, kada kuma ku watse. Ku nemi sunan da za a karanta a gaban mahaifinka ya ce Allah Ya yi albarka, kuma ya zama gaskiya ne, ba ƙarya ba. Ku masu motsa jiki ne, to ku amsa sunan masu motsa jiki. Ku daina ajiye hotunan fuskokinku a ciki. In wani dattijo mai hawan jini ya ce zai bi ku, ku bar shi ya biyo." Ya ce, "Kawu, wato mu ci gaba da ɓuya ke nan." Na ce, "Eh." Ya ce, "Har yaushe?" Na yi shiru, don duk abin da na karanta bai ba ni wannan amsar ba, kuma ban ga amfanin yi masa ƙarya ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To ai kai ma kana da hawan jinin."

Asabar da ta wuce na bi su. Sun sauya sunan, ba zan faɗe shi a nan ba, amma in kun gan shi ba za ku waiga ba. Rabona da hawa Dala ya fi shekara ashirin, sau uku ina tsayawa a matakala ina haki, mai gyaran wayar nan yana riƙe da hannuna yana cewa "Sannu Baba, saura kaɗan." Daga sama gari yana nan yadda na san shi, sai dai ya ƙara faɗi: hasumiyoyin Masallacin Juma'a, Gidan Rumfa, rufin kwanon Kurmi, guntayen badala da suka rage a tsakanin gine-gine. Ta yamma ga Goron Dutse, wanda akwai gidan yari a unguwarsa, na ga ɗayansu ya kalli wajen ya kau da kai. Ba su yi wata hira mai nauyi ba. Farashin yadi, wutar lantarki, wani da aka yi wa satar waya a Kantin Kwari. Tela ya kwaikwayi yadda nake hawa, suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da za mu sauko yaron ya ƙirga su kamar yadda ya saba, ya samu goma sha ɗaya, ya sake ƙirgawa, sannan ya tuna. Ya ce an ce wanda aka kai ƙauyen yana taya kawunsa aikin gona, ba a ba shi waya ba tukuna. Muka gangaro, na saya musu koko da ƙosai a gindin dutsen, mai kokon tana tambayata ko ni ne kocinsu.